INJIN JANYO TARKON JATAN LANDE: DARASIN KIMIYYA DAGA GAƁAR TEKUN FASIFIK

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jan ruwa da guga a rijiya mai zurfi ya san cewa nauyin gugan ba shi kaɗai ke gajiyar da mutum ba, tsawon igiyar ma yana da nasa rabon. To, a yammacin ƙasar Kanada, a lardin Birtish Kolombiya, da kuma jihohin Washinton da Alaska na Amurka, akwai mutane masu yawa da ke fita cikin ƙananan jiragen ruwa a ranakun hutu domin kamun jatan lande, ba don sayarwa ba, sai don nishaɗi da cefanen gida. Tarkon da suke kafawa yakan sauka ƙasan teku har zurfin mita 90 ko fiye, kuma dole ne a janyo shi sama. Wannan wahala ce ta sa aka ƙera wani ɗan injin lantarki da ake kafawa a gefen jirgi domin ya yi janyowar. Manufar wannan maƙala ita ce a bi yadda ake zaɓen injin da yadda ake kafa shi, saboda kusan kowane mataki a cikin aikin darasi ne daga cikin darussan fiziya da ɗalibi ke koya a sakandare. Wanda ya yi kuskuren lissafi a nan kuwa yana iya asarar tarkonsa, ko yatsunsa, ko ma jirgin ɗungurungum.

Halittar da ake nema

Jatan landen da ake magana a kansa shi ne wanda masana ke kira Pandalus platyceros. Shi ne mafi girma a cikin danginsa a wannan gaɓa, domin tamatar takan wuce santimita 20 a tsawo. Jikinsa ja-ja ne, yana da fararen ɗigo a gaɓa ta ɗaya da ta biyar ta cikinsa. A Birtish Kolombiya yakan rayu kimanin shekara huɗu, kuma akwai wani abin al'ajabi game da shi: kowanne yakan fara balaga a matsayin namiji, sa'an nan a ƙarshen rayuwarsa ya rikiɗe ya zama mace. Wato ke nan manyan da masunta suka fi so su ne iyaye mata, masu ɗaukar dubban ƙwai a ƙarƙashin cikinsu tun daga kaka har zuwa bazara. Wannan ne dalilin da ya sa, tun shekarar 2018, doka ta wajabta wa masu kamun nishaɗi a lardin su mayar da duk wadda aka samu da ƙwai cikin ruwa. Haka kuma an ƙayyade wa kowane mai lasisi tarko huɗu da jatan lande 125 a rana. A mashigin Fujet na jihar Washinton kuwa, 80 ne a rana, tarko biyu ga mutum ɗaya.

Tarkon kansa keji ne na raga, mai ƙofofi masu siffar mazurari, shiga da sauƙi, fita da wuya, kamar dai gurar da masuntan tafkin Kainji ke kafawa. A tsakiyarsa ake sa abinci mai ƙarni. Halittar ta fi son wurare masu duwatsu, kuma an fi samunta a zurfin mita 70 zuwa 90. A nan ne matsalar janyowa take.

Nawa ne aikin?

A ilimin fiziya, aiki shi ne ƙarfi sau nisa. Bari mu ɗauki misali. A ce tarko biyu ne a igiya ɗaya, kuma nauyinsu da na igiyar da tirjiyar ruwa sun haɗu sun kai nauyin kilo 30, wato kimanin niyuton 300. Idan zurfin mita 90 ne, aikin zai zama 300 sau 90, wato jul 27,000. Domin kwatanci, janyo guga mai lita 10 daga rijiya mai zurfin mita 30 aikin jul 3,000 ne. Ashe janyo tarkon sau ɗaya daidai yake da jan guga tara a jere ba tare da hutawa ba, kuma mutum yana tsaye ne a kan jirgin da ke tangaɗi.

Sai kuma batun iko, wato aiki raba da lokaci, ko kuma ƙarfi sau sauri. Idan ana son igiyar ta riƙa shigowa mita 30 a minti ɗaya, wato rabin mita a daƙiƙa, ikon da ake bukata shi ne 300 sau 0.5, wato wat 150. Lafiyayyen mutum da ke aikin ƙarfi na sa'o'i yakan iya ba da kimanin wat 75 ne kawai. Da wannan ma'auni za a gane cewa injin ba kayan ƙawa ba ne, musamman ga dattawa da masu ciwon baya.

Ya kamata a lura cewa nauyin ba ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Bisa ƙa'idar Arkimidis, duk abin da ke cikin ruwa yana rage nauyi gwargwadon nauyin ruwan da ya ture. Dalma takan rage kimanin kashi 9 cikin ɗari na nauyinta a ruwan teku, baƙin ƙarfe kashi 13, kankare kuwa fiye da kashi 40. Shi ya sa aka fi son dalma ko ƙarfe wajen nauyaya tarko. Wannan rangwame yana ƙarewa ne da zarar tarkon ya fito daga ruwa, saboda haka ƙarshen janyowa yana daga cikin lokutan da injin ya fi shan wuya. Ɗaya lokacin shi ne farkon ja, sa'ad da ake ɓamɓaro tarkon daga laka. Bugu da ƙari, tirjiyar da ruwa ke yi wa abin da ke ratsa shi tana ƙaruwa ne da murabba'in sauri: idan aka ninka sauri sau biyu, tirjiyar za ta ninka sau huɗu. Saboda haka injin da ya fi kowanne gudu ba lallai ne ya zama mafi dacewa ba.

Sassan injin da ire-irensa

Injin yana da manyan sassa huɗu: moto mai aiki da batir na bolt 12, akwatin giya, abin da ke kama igiya, da kuma hannu mai ɗauke da gargare wanda ke miƙa igiyar waje da jirgi don kada ta goge gefensa.

Aikin giya shi ne musayar sauri da ƙarfi. Ƙaramin moto yana juyawa da sauri ƙwarai amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne. A ce yana juyi 3,000 a minti, kuma faifan da ke jan igiya yana da faɗin santimita 20. Kewayen faifan zai zama kimanin mita 0.63, don haka juyi 48 a minti ya isa ya kawo mita 30 na igiya. Ana bukatar giya mai rage juyi kimanin sau 60, kuma ƙarfin murɗawa zai ƙaru kusan haka, in ban da abin da gogayya ta cinye.

Dangane da kama igiya, injunan iri biyu ne. Na farko yana da ɗan gangan ƙarfe mai juyawa, wanda ake naɗa masa igiya sau biyu ko uku, mutum ya riƙe jelar igiyar yana ja a hankali. Na biyu yana da faifai biyu da aka haɗa suka yi kwarmi mai tsukewa zuwa ciki, ta yadda duk sa'ad da nauyi ya ƙaru igiyar sai ta ƙara cusuwa cikin kwarmin, ta kamu da kanta, sa'an nan wani ɗan harshen ƙarfe ya ɓanɓare ta ta zuba cikin kwando. Kamfanonin Scotty da Ace Line Hauler, dukansu a tsibirin Bankuba, suna daga cikin sanannun masu ƙera ƙananan injunan da masu kamun nishaɗi ke saye.

Sirrin iri na farko yana cikin wata ƙa'ida da masanin lissafi Leonhard Euler ya bayyana a ƙarni na 18, kodayake makiyaya sun riga shi saninta a aikace, domin duk wanda sa ya fi ƙarfinsa yakan naɗa igiyar a jikin bishiya. Ƙa'idar ita ce, kowane naɗi yana ninka ƙarfin riƙo ne, ba ƙari kawai yake yi ba. Idan ma'aunin gogayya tsakanin igiya da ƙarfe 0.3 ne, naɗi ɗaya yana ninka riƙo kimanin sau 6.6, naɗi biyu sau 43, naɗi uku kuwa wajen sau 285. Wato nauyin niyuton 300 da muka ambata, da naɗi ɗaya hannu zai riƙe niyuton 45, da naɗi biyu niyuton 7 kacal. Alfanun wannan iri shi ne, idan tarko ya maƙale a dutse, da an sassauta hannu igiyar za ta zame, injin ya huta. Aibinsa kuwa shi ne hannuwan mutum ba sa samun sararin yin wani aiki, kuma naɗi yana iya hawa kan naɗi ya cije. Iri na biyu yana sakin hannu, amma ba ya sassautawa da kansa, sai an kashe makunni.

Abubuwan dubawa wajen zaɓe

Abu na farko shi ne ƙarfin ja. Masu ƙera ƙananan injunan sukan ƙayyade musu nauyin kimanin kilo 45. Hikima ita ce a zaɓi wanda ƙarfinsa ya zarce nauyin yau da kullum da tazara mai kyau, saboda laka da ciyawar ruwa da gudun ruwa duk suna ƙara nauyin da ba a lissafa ba.

Na biyu shi ne kaurin igiya. Kwarmin faifai an yi shi ne domin wani kauri na musamman, kuma igiya mai kaurin milimita 8 ita ce aka fi amfani da ita. Siririya za ta zame, mai kauri ainun kuwa ba za ta shiga ba. Sa'an nan igiyar roba ta folifirofilin ba ta kai ruwa nauyi ba, don haka takan yi iyo a sama, inda farfelar wani jirgi za ta iya yanke ta. Saboda haka ake amfani da igiya mai dalma a cikinta, ko a maƙala wa ta robar nauyi. Tsawonta kuma ya ɗara zurfin wurin da kamar kwata ko sulusi, wato mita 120 a zurfin mita 90, domin idan teku ta ciko ko gudun ruwa ya ja igiyar gefe, gajeriyar igiya za ta nutsar da gorar alama, ko kuwa gorar ta ɗaga tarkon ta tafi da shi.

Na uku shi ne girman jirgi. Injin mai dogon hannu yana ɗaga tarko sama da gefen jirgi, a juyo da shi ciki cikin sauƙi, amma yana bukatar jirgi mai faɗi da ƙarfi. Ƙaramin jirgi ya fi dacewa da ɗan injin da ake cirewa a ajiye bayan an gama. Na huɗu kuwa shi ne yawan wutar da yake sha, wanda za mu duba yanzu.

Batir, waya da fis

Ikon lantarki shi ne bolt sau amfiya. Ba duk wutar da ta shiga moto ke zama aiki ba, wani kaso yana tafiya a zafi da gogayyar giya. Idan muka ɗauka rabi ne ke zama aiki, wat 150 na ja zai bukaci wat 300 na lantarki, wato amfiya 25 a bolt 12. Igiya mai mita 120 za ta ɗauki minti huɗu, wanda ya kama ƙasa da amfiya-awa 2. Ga batir mai amfiya-awa 80 wannan ba wani abu ba ne. Duk da haka, batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, kuma wanda ya ƙarar da batirin tayar da injin jirgi a tsakiyar teku ya shiga uku. Don haka akan bar injin jirgin yana aiki lokacin janyowa domin ya riƙa cajin batir, ko kuma a ware wa injin janyowa nasa batirin.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen waya. Wayar jan ƙarfe tana da turjiya, kuma ana samun ta ne ta hanyar ninka 0.0175 da tsawon wayar a mita, a raba da faɗin bakinta a murabba'in milimita. Kada a manta cewa wuta tana zuwa ne ta dawo, saboda haka injin da ke nesa da batir da mita 5 yana da waya mita 10. Mu ce nauyi ya ƙaru yana jan amfiya 30. Waya mai murabba'in milimita 2.5 turjiyarta om 0.07 ce, za ta cinye bolt 2.1, wato fiye da kashi 17 cikin ɗari, ta kuma fitar da zafin wat 63 a jikinta. Mai 6 za ta cinye kimanin bolt 0.9. Mai 16 kuwa sulusin bolt ne kawai, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari. Ƙa'idar masu haɗa wutar jiragen ruwa a Amurka ita ce kada asarar ta wuce kashi 3 ga muhimman na'urori, kashi 10 ga sauran. Sau da yawa injin da ake zargi da rashin ƙarfi lafiyarsa lau, siririyar waya ce ke hana shi abinci.

Akwai kuma wani haɗari. Moto mai juyawa yana haifar da wani bolt na kansa da ke adawa da na batir, kuma shi ne ke taƙaita wutar da ke shiga. Idan tarko ya maƙale moto ya tsaya cik, wannan adawa takan ɓace, wuta ta kwararo ninkin-ba-ninkin, waya ta yi zafi har robarta ta narke. Maganin haka shi ne fis ko makatsin wuta mai girman da masu ƙera injin suka faɗa, a kafa shi a wayar da ke fita daga kan batir mai alamar tarawa, kusa da batirin, bai fi santimita 18 ba. Dalilin kusancin shi ne duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai kare ta. A yi amfani da waya mai silli-silli da aka shafe da kuza, domin ruwan gishiri yana cin jan ƙarfe tsirara, girgiza kuma tana karya waya mai silli ɗaya.

Kafa injin a jirgi

A zaɓi wuri mai ƙwari a gefen jirgi, inda matuƙi ke ganin igiyar, kuma nesa da farfela. A nan ma lissafi ne zai yi jagora. Nauyin niyuton 300 a ƙarshen hannu mai tsawon mita 0.6 yana haifar da murɗi na niyuton-mita 180 a gindin injin. Idan tazarar notunan gindin santimita 10 ce, ƙarfin da ke fizgar su zai kai niyuton 1,800, wato ninki shida na nauyin tarkon. Shi ya sa kusa mai zare da aka murɗa cikin fiba ko katako ba ta wadatar. Dole a huda a zura noti ya fita ta baya, a sa farantin ƙarfe ko katako mai kauri a ƙasa domin ya raba nauyin, a kuma toshe hudojin da ɗanko don kada ruwa ya shiga.

Idan jirgin na alminiyam ne, notunan kuma na ƙarfe marar tsatsa, to an haɗa ƙarfe iri biyu a cikin ruwan gishiri, wanda tamkar an yi ɗan ƙaramin batir ne, kuma alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa. Akan raba su da washar roba ko man shafawa na musamman. Bayan kowace fita a ɗauraye injin da ruwan daɗi, a shafa giris a bakin filogi.

Lokacin aiki

Kafin a kunna, a matsa da jirgi har ya zo daidai saman tarkon, igiyar ta miƙe tsaye. Aikin injin ɗaga tarko ne, ba jan jirgi zuwa wurin tarko ba. Igiyar da ke shigowa ta sauka cikin kwando, kada ta taru a ƙasa, domin wanda ya taka cikin naɗin igiya tarko na iya jan ƙafarsa zuwa ruwa. A nesanta yatsu da hannun riga da safar hannu mai sako-sako daga faifan, makunni kuma ya kasance inda hannu zai kai nan take. Kowa ya sa rigar ceto, kuma kada mutane su taru a ɓangaren da ake ja, domin ƙaramin jirgi yana iya kifewa. Idan tarko ya maƙale, a kashe injin, a kewaya da jirgi a gwada ta wata fuska.

Tarkon da ya ɓace ba asarar mai shi kaɗai ba ce. Yakan ci gaba da kamu a ƙasan teku, abin da ya mutu a ciki ya zama abincin da zai jawo wani. Domin hana wannan ne jihar Washinton ta wajabta a ɗaure wata kafa ta tarkon da zaren auduga tsantsa, wanda zai ruɓe bayan wani lokaci kafar ta buɗe. Haka kuma ana rubuta sunan mai tarko a jikin gorar alama. Bayan an fito da kamun, akan mayar da masu ƙwai nan da nan, sauran kuma a ajiye su da rai cikin sanyi ko a cire kawunansu, saboda akwai wani sinadari a kan da ke sa naman ya yi laɓo-laɓo da zarar halittar ta mutu.

Gwaji a aji

Malami zai iya nuna ƙa'idar naɗin igiya da kayan da ke kusa. A sami taɓarya ko bututun ƙarfe a ɗora a kan tebur biyu a riƙe da kyau, a ɗaura bokiti mai yashi kilo 5 a igiya, a ɗora igiyar a kan taɓaryar, a maƙala sikeli mai ƙugiya a ɗaya bakin. A rubuta mafi ƙarancin ƙarfin da ke hana bokitin zamewa. A ƙara naɗi ɗaya a sake aunawa, a kuma ƙara wani. Ɗalibai su raba kowane sakamako da wanda ke biye da shi, su ga ko amsar tana kusa da juna.

Tambayoyi

1. Tarko mai nauyin niyuton 200 yana zurfin mita 75. Nawa ne aikin janyo shi, kuma wat nawa ake bukata idan za a gama cikin minti uku?

2. Injin yana jan amfiya 20, yana nesa da batir da mita 4. Bolt nawa za a yi asara a waya mai murabba'in milimita 4?

3. Me ya sa moton da ya tsaya saboda nauyi ya fi wanda ke juyawa shan wuta?

4. Bayyana dalilin da ya sa kama manyan jatan lande kaɗai zai iya cutar da yaɗuwar wannan halitta.

Kammalawa

Mun ga yadda zaɓen wannan ɗan inji ya rataya a kan nauyi da zurfi da kaurin igiya da girman jirgi, kafa shi kuma ya rataya a kan kaurin waya da wurin fis da ƙwarin gindi. Ɗalibin da ya iya waɗannan lissafe-lissafe zai iya amfani da su wajen haɗa famfon rijiya mai aiki da batir, ko wutar hasken rana a gida, domin dokokin aiki da iko da turjiya ba sa canzawa daga wata ƙasa zuwa wata.